Ramin Sidi da Ramin Ko-ta-kwana: Abin da Na Ɓoye wa Ishaya

Shekara takwas ke nan da rasuwar abokina Ishaya, mai gyaran rediyo da amfilifaya, wanda tsofaffin mazauna unguwar Gwallameji suka sani da Ishaya Mai Kunne. Duk shekara idan wannan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in ce bari in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Abokai suna cewa lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Abin da ya kamata in rubuta nake tsoro, bana kuwa an tsare ni a inda ba ni da mafita. Mai karatu ya yi haƙuri, wannan waiwaye ba yabo ba ne zalla. Akwai laifi a cikinsa, kuma laifin nawa ne.

Ni malamin kimiyya ne, haifaffen cikin gari, na koyar a sakandare har na yi ritaya. Shi kuwa Ishaya daga kudancin jihar ya zo Bauchi yana saurayi, ya koyi gyara a hannun wani tsoho, ya buɗe shagonsa. Rediyon mahaifina ce ta haɗa mu. Na kai masa gyara, na tsaya a kansa ina gaya masa abin da littafi ya ce ya lalace, shi kuma ya kanga kunne a jikinta ya ce ba nan ba ne. Shi ya yi gaskiya. Na ji haushi, kuma tun daga ranar ban daina zuwa shagon ba. Idan lokacin salla ya yi yakan kashe duk abin da ke ƙara ya miƙo mini buta. Ranar Kirsimeti kuwa abincin gidansu sai ya iso gidana kafin azahar. Muka yi fiye da shekara ashirin muna musu, ba mu taɓa yin faɗa ba.

Musunmu mafi daɗewa a kan ramuka ne. Bari in yi bayani saboda wanda bai san kayan ba. Masu son sauti mai tsabta ba sa sayen akwati guda. Akwai babbar amfilifaya mai tura sifikoki, akwai kuma wata ƙarama da ake sawa a gabanta, wadda duk sauti sai ya fara bi ta cikinta, a nan ake zaɓarsa, a nan ake ƙara shi ko a rage. Ishaya yana kiran ƙaramar zaure, don a cewarsa baƙo ba ya shiga gida sai ta nan. Yana da wata tsohuwa mai nauyi da ya saya a hannun wani likita da ya bar gari, ita ce abin alfaharinsa. A bayanta akwai ramuka kashi biyar inda ake soka waya: na garmaho, na rediyo, na kaset, na faifan sidi, da na biyar wanda ba a ware wa kowa ba, mu muka sa masa suna na ko-ta-kwana.

Na garmaho ba mu taɓa saɓani a kansa ba. Sautin da allura ke ɗaukowa daga faifai ɗan mitsitsi ne, don haka wannan ramin yana ninka shi sosai, yana kuma gyara shi. Soka sidi a can ka ji ihu da kakkarwa har sifika ta nemi yagewa. Sauran huɗun ne matsalar. Littafi ya ce duk ɗaya suke, ƙarfin sauti iri ɗaya suke karɓa, sunayen da aka rubuta a kansu don kada mutum ya rikice ne kawai. Kana iya sa kaset a ramin rediyo, ko sidi a na ko-ta-kwana, ba abin da zai canja. Haka na karanta, haka na koyar. Ishaya ya ce a wasu na'urorin haka ne, amma a nasa zauren ba haka ba ne. Ya ce ramin sidi a natse yake, na ko-ta-kwana kuwa yana da wani gurnani can ƙasa, kuma yana ƙara wa sauti kaifi. Ni na saurara har na gaji ban ji komai ba. Sai in ce masa zato ne, shi kuma ya yi dariya ya ce, "Malam, kunnenka takarda ta toshe shi."

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau yana nan. Gwallameji da muka sani da gonaki ta cika da sababbin gidaje, kowane gida da farantin sola a kan rufi. Matasa suna yawo da 'yan sifikoki kamar gwangwanin madara, ba waya ba rami, sauti na tsallakowa daga wayar hannu ta iska. Masu keke mai ƙafa uku sun ƙure kiɗa har ba ka jin kalmar waƙa, sai dukan ƙirji. Ina jin zai tsaya bakin titi ya karkata kai, kamar yadda ya saba, ya ce an matse waƙar nan har ta rame. Amma ba zai raina su ba. Zai karɓi 'yar sifikar ya juya ta yana neman inda ake kwancewa. Ishaya bai taɓa tsoron sabon abu ba. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce masa abu biyu ɗaya ne alhali kunnensa ya ce biyu ne. Wannan yarda da kunnensa ita ce duk abin da ya mallaka, ita kuma na ƙwace masa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa matan zumunta na cocinsu suka shirya ɗaukar waƙoƙinsu. Tun zamanin kaset Ishaya ne ke yi musu wannan aiki, shi ke saita sautin coci, shi ake kira idan za a yi babban taro. A wannan karon sai magana ta fara yawo cewa kunnensa ya fara tafiya. An lura yana juya gefen dama idan ana magana da shi. Wani mai situdiyo daga Jos ya nuna yana son aikin, wasu a kwamiti suka karkata gare shi. Shugaban kwamitin, Dattijo Bulus, mutum ne mai son adalci, ba ya son a yanke hukunci a kan jita-jita. Ya san labarin musunmu, don duk unguwa an sani. Sai ya kawo shawara: tunda Ishaya ya ce yana rarrabe rami da rami, abin da ba wanda ke iyawa, to a gwada shi. Idan ya ci, bakin kowa ya mutu, aiki nasa ne.

Aka tambaya wa zai riƙe gwajin. Ishaya da bakinsa ya ambaci sunana. Ya ce ni ba ɗan cocin ba ne, ba ni da ɓangare a kwamiti, na san kimiyya, kuma ni ne ma nake ƙaryata shi, don haka ba wanda zai ce na yi masa alfarma. Sannan ya ƙara da cewa, "Malam Sabo ba ya ƙarya." Kowa ya amince. Na ji daɗin wannan shaida a lokacin, har na ba iyalina labari.

Ranar Asabar ce bayan la'asar, a falonsa. Mun yi ta addu'ar kada a ɗauke wuta, don ƙarar janareta za ta ɓata komai. Mutum bakwai ne na kwamiti, da matarsa Saratu a bakin ƙofa. Muka raba wayar na'urar sidi gida biyu, ɗaya ta shiga ramin sidi, ɗaya ta shiga na ko-ta-kwana, wato waƙa ɗaya ce ke shiga ta ƙofa biyu. Saratu ta kawo zane muka rataya a igiya ya tare zauren, ni kaɗai a bayansa da takarda da fensir. Ishaya ya zauna a kujera ya ba ni baya. Ƙa'idar ita ce sau goma zan kashe sauti, in murɗa makunni gaba da baya yadda ƙararsa ba za ta nuna komai ba, in tsaya a inda na ga dama, in saki waƙa. Shi zai faɗi ramin, ni in rubuta, ba zan ce uffan ba sai an gama. Waƙar matan ce ta shekarar da ta gabata, murya ɗaya da tulu da caki.

Na farko na tsaya a sidi. Waƙa ba ta yi nisa ba ya ce sidi. Na ce a raina sa'a ce. Na biyu na sake barinsa a sidi don in ruɗe shi, ya ce ban canja ba. Na uku ko-ta-kwana, ya faɗa tun kafin mai waƙa ta buɗe baki. A na huɗu ya kuskure, wallahi na ji sanyi a raina, na ce yanzu abin zai warware. Bai warware ba. Na biyar daidai, na shida daidai. Falo ya yi tsit, fanka ma an kashe ta, zufa tana gangarowa ta bayan wuyana tana ɗiga a takarda. Na kanga kunnena kusa da sifika ina neman gurnanin nan da yake faɗa, ban ji ba. Na fara murɗa makunni da ƙarfi kamar shi ya yi mini laifi. Na bakwai, na takwas, na tara, na goma, muryarsa tana zuwa a natse daga bayan zane, ba gaggawa ba taƙama, kamar mai karanta lambar gida.

Tara cikin goma. Na zauna ina kallon takardar. Abin da ya zo mini a lokacin, kuma ina jin kunyar rubuta shi, ba abokina ba ne, ba aikinsa ba. Kaina na gani. Shekara ashirin ina ce masa zato ne a gaban mutane, ina ɗauko littafi ina nuna masa. Na hango yadda za a yi ta ba da labari a majalisa, wai mai gyaran rediyo da bai gama firamare ba ya kayar da malamin kimiyya. Na ce wa kaina dole akwai wata dabara, wataƙila yana jin motsin hannuna, wataƙila makunnin ne ke tona asiri, gwajin ne bai yi kyau ba. Duk wannan cikin ɗan lokacin da Dattijo Bulus ya ɗauka ya gyara zama ya ce, "To Malam, nawa ya ci?"

Na naɗe takardar na sa a aljihu, na fito daga bayan zane na ce, "Biyar."

Ba wanda ya ce in nuna takarda. Don me za a ce? An riga an shaide ni. Ban ma tsaya a nan ba, sai da na yi musu darasi, na ce biyar cikin goma shi ne abin da mutum zai samu ko da ya toshe kunnuwansa yana canka kawai. Ishaya ya juyo a kujera ya dube ni. Na shirya zai musa, har ina so ya musa, ya ce a kawo takarda, a yi ta ta ƙare. Sai ya sa ɗan yatsa a kunnen hagu ya girgiza, ya ce a hankali, "Biyar? To. Idan Malam ya ce biyar, biyar ne." Ya tashi ya kashe zauren da hannunsa.

Aka ba mutumin Jos aikin. Wannan ba shi ne babbar asarar ba, don aiki yana zuwa yana wucewa. Asarar ita ce Ishaya ya yarda da ni ya ƙi yarda da kunnensa. Saratu ta matsa masa suka je asibiti, aka ce na hagun ya ɗan rage kamar yadda yake faruwa ga mai shekarunsa, ba wani abin damuwa ba. Shi kuwa ya ɗauka an tabbatar da maganata. Ya daina karɓar aikin sauti. Idan an kira shi saita sifikokin taro sai ya ce a nemi mai kunne. Ya koma gyaran fanka da dutsen guga. Shagon da ba ya rabuwa da kiɗa ya zama shiru. Har musu ya daina yi da ni. Idan na faɗi abu sai ya ce, "Haka ne, Malam," kuma ban taɓa jin kalmar da ta ƙona ni kamar wannan ba.

Kada a ce ban yi niyyar faɗa masa ba. Sau da yawa na hau keke zuwa Gwallameji da takardar a aljihu, in isa, mu gaisa, in yi zancen tsadar taki da ruwan sama, in dawo da ita. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace. Da ciwon hanta ya kwantar da shi na ce yanzu ba lokacin tayar masa da hankali ba ne. Mako uku kafin ya cika ya sa aka ɗauko zauren aka ɗora a cinyata. Ya ce in riƙe, ni ne na san darajarsa, shi kam ba shi da sauran amfani gare shi. Na karɓa na yi godiya. Na kai gida na lulluɓe shi da tsohon bargo a kan kabad, na sa takardar a cikin littafin nan da nake kafa hujja da shi. Shekara takwas ban kunna shi ba ko sau ɗaya.

Rifkatu, 'yarsa ta fari, tana makarantar kwana lokacin gwajin. Ta tashi da labarin cewa babanta ya kurmance a ƙarshen rayuwarsa. Yanzu ta gama karatun injiniyan lantarki a jami'ar da ke Gubi, tana da hannun ubanta da irin karkata kansa. Watanni biyu da suka wuce ta zo gaishe ni ta ce in ara mata zauren, tana so ta buɗe shi ta ga abin da Baba yake ta magana a kai. Gabana ya faɗi, amma da wane baki zan hana ta? Na sauko da shi na ba ta. Kwana goma ya yi a hannunta.

Ta dawo da shi a buɗe, ta ajiye a tabarmar zaurena na gaske, ta nuna mini da bakin sukuddireba. A bayan ramin sidi akwai wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, masu zanen launi, waɗanda tun daga masana'anta aka sa don su ɗan rage ƙarfin sauti, saboda na'urar sidi ta fi kaset da rediyo zafin fitarwa. Hanyarsa kuma gajeriya ce. Wayar ramin ko-ta-kwana kuwa doguwa ce, ta zagaya ta gefen taransifomar da ke ciki tana kwasar gurnaninsa. Ta auna da na'urorin makaranta. Bambancin kaɗan ne ƙwarai, in ji ta, yawancin mutane ba za su ji ba, amma yana nan. Ta ce littafina bai yi ƙarya ba, a mafi yawan na'urori ramukan ɗaya suke. A wannan ne ba ɗaya ba.

Sai ta ajiye sukuddireban. Ta ce, "Baba Malam, shekara da shekaru babana yana faɗin gurnani da kaifi, kuma ga su na gani. Mama ta ce asibiti ma sun ce kunnensa da sauƙi. To yaya aka yi ya ci biyar?"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma zarge ni ba. Tambaya take tsakaninta da Allah, ga mutumin da ubanta ya ce ba ya ƙarya. Ina da amsoshi a shirye, don na daɗe ina tanadinsu: ya gaji a ranar, mutane sun yi yawa, hankalinsa a tashe yake. Da na faɗi ɗaya za ta yarda, kamar yadda shi ya yarda. Na ga zan sake yi wa gida ɗaya abu ɗaya sau biyu. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko littafin, na zaro takardar na miƙa mata. Fensirin ya dushe amma ana karantawa. Ta bi layi goma da yatsa, ta koma ta sake bi. Da ta ɗago ba kuka take ba, da ma kukan ta yi. Ta ce, "A gaban mutane ka faɗa, Baba. A gaban mutane za ka gyara."

Na je na sami Dattijo Bulus, ya tsufa ƙwarai, na gaya masa. Ya riƙe baki, ya ce shi ma da laifinsa da bai nemi takarda ba. Na ce a'a, kada ya ɗaukar mini ko kaɗan. Na je wurin Saratu. Ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta shiga ciki, ba ta sake fitowa ba. Na koma sau biyu, yara suna cewa tana hutawa. Ban ga laifinta ba. Ita ce ta zauna shekara biyu da mutumin da ke farkawa da safe yana tafa hannu kusa da kunnensa don ya ji ko ya ƙara tafiya. Ko za ta yafe ko ba za ta yafe ba, wannan nata ne, ba ni da hurumin roƙon ta yi sauri. Wannan rubutu shi ne sauran abin da Rifkatu ta nema, don wasu daga cikin mutum bakwai ɗin sun bar gari, kuma labarin ya daɗe da wuce su.

Me ya rage na Ishaya bayan shekara takwas? Shagon ya zama wurin cajin waya. Kaset ɗin da ya ɗauka na matan zumunta suna nan a wasu gidaje, sai dai da wuya a sami abin kunna su. Akwai 'yarsa, wadda ta ƙi karɓar magana sai ta buɗe ta gani. Akwai kuma zauren, na mayar mata, don tun farko bai kamata ya shigo gidana ba. Ranar da na kai, ta haɗa shi da sifikokin babanta, ta raba waya biyu, ta ce in zauna in ba ta baya. Ta saki waƙar nan ta tulu da caki, tana murɗawa tana tambayata. Na saurara da duk abin da Allah ya ba ni. Sau goma ta tambaye ni, sau goma na ce mata ban ji bambanci ba. Wannan karon gaskiya na faɗa.

Ga duk wanda ya taɓa jin an ce Ishaya Mai Kunne ya kurmance, daga bakina maganar ta samo tushe, kuma ƙarya ce. Ishaya, tara ka ci. Kunnenka lafiya lau yake.